Alhasan Dantata: Attajirin da Ya Yi Arziki Tsakanin Gona da Kasuwa

Kowace shekara idan kaka ta yi, kasuwanni suna cika da amfanin gona. Hatsi, dawa, wake, gujiya, aya da riɗi duk suna fitowa lokaci ɗaya. Masu sayarwa sun yi yawa, saboda haka farashi yana faɗuwa. Idan bazara ta zo, rumbuna sun yi ƙasa, sai farashi ya hau. Manomin da ya sayar da arha a kaka, sau da yawa shi ne ke komawa ya saya da tsada a damina. Haka abin yake a Madarunfa, da Gabi, da Safo, da Jiratawa, da Ɗan Isa.

Tsakanin arhar kaka da tsadar bazara akwai kuɗi masu yawa. Tsakanin farashin ƙauye da farashin birni ma akwai kuɗi. Wane ne ke ɗaukar waɗannan kuɗi? Ta wace hanya yake ɗaukarsu? Tarihin wani babban attajiri na ƙasar Hausa yana ba da amsa. Sunansa Alhaji Alhasan Dantata, mutumin Kano. A zamaninsa ana lissafa shi cikin mafi dukiya a duk Afirka ta Yamma. Dukiyarsa ta fito ne daga sayen amfanin ƙasa da sayar da shi, musamman goro da gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Alhasan a shekarar 1877 a garin Bebeji, kudu da birnin Kano. Danginsa Agalawa ne, mutanen da suka shahara da fatauci mai nisa. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne, wato shugaban ayarin fatake. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce.

Alhasan yana yaro ƙarami mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa ta tashi zuwa Akara, a ƙasar da ake kira Gana a yau, ta ci gaba da kasuwancinta a can. Ta bar ƴaƴanta a Bebeji hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Wannan tsohuwa ce ta rene shi. Daga sunanta aka samo sunan Dantata, wato ɗan Tata.

An sa shi makarantar allo. Ya yi rayuwa irin ta almajirai, yana karatu, yana aikin ƙarfi don ya sami abin kai wa baki. Tun a lokacin ya koyi tattali. Ba ya cinye duk abin da ya samu. Yakan ci kaɗan, ya jefa saura cikin asusu. Wannan hali bai rabu da shi ba har tsufansa.

Da ya kai wajen shekara 15, sai ya bi ayarin fatake masu zuwa Gwanja, don ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu sake ba. Ya sayi ƴan kaya a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, ya ƙarasa sayar da saura a Akara. A wannan tafiya ya gane abu na farko: kayan da ba su da daraja a wani gari suna da daraja a wani.

Bayan ya dawo gida, Yaƙin Basasa ya tashi a ƙasar Kano a shekarar 1893, tsakanin Tukur da Yusufawa. Yaƙin ya shafi Bebeji. An kama Alhasan da ƴan'uwansa, sai daga baya aka fanshe su. Ya fito ba shi da kome, ya sake farawa daga tushe.

Fataucin goro

A wancan zamani babban fatauci shi ne na goro. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa, amma Hausawa suna sonsa ƙwarai. Ana kai shi wurin ɗaurin aure, da suna, da gaisuwar manya. Itacensa yana dazuzzukan Asante. Fatake sukan tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa, da tufafi, da fatu. Su kai Gwanja su sayar, su sayo goro, su juyo gida. Tafiya ce ta watanni. A hanya akwai ƴan fashi, akwai kuɗin fito da ake biyan sarakuna, ga kuma goro mai saurin lalacewa idan ba a kula da shi ba.

Dantata ya shiga wannan sana'a ta iyayensa. Amma bai tsaya kan tsohuwar hanya kaɗai ba. Ya lura cewa jiragen ruwa suna tafiya tsakanin Akara da Ikko, wato Legas. Sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa. Abin da jaki zai yi watanni yana ɗauke da shi, jirgi yana kai shi cikin kwanaki. Goronsa yana isa da sauri, bai bushe ba, bai ruɓe ba. Kuɗinsa kuma suna juyawa sau da yawa cikin shekara. Ya ƙara da sayar da duwatsun wuya da yadin Turai.

Nan ya gane abu na biyu: wanda ya riga kai kaya kasuwa, kuma da ƙaramin kashin kuɗi, shi ne ke cin riba.

Jirgin ƙasa da gujiya

A shekarar 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga Ikko. A 1912 aka buɗe ta don ɗaukar kaya. Turawan Ingila sun yi zaton manoma za su dage kan auduga. Amma manoma suka yi nasu lissafi. Suka ga gujiya ta fi kawo kuɗi, ba ta cin ƙarfin ƙasa, kuma idan yunwa ta zo ana iya cinta. Sai suka rungumi noman gujiya.

A Turai kuwa ana neman gujiya ido rufe. Ana matse ta a fitar da mai, a yi girki, a yi sabulu, a yi man da ake shafa wa burodi. Tunkuzar kuma a ba dabbobi.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, suna da jirage, amma ba su san ƙauyuka ba. Ba su jin Hausa sosai, ba su san wanda za su amince wa ba. Dole suka nemi fataken goro, waɗanda suka riga suka san hanyoyi, suka san mutane. Cikin waɗanda suka fara shiga akwai Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A shekarar 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Dantata ya riƙa saya masa gujiya. Wannan kamfani ne daga baya ya shiga cikin UAC, wanda aka kafa a 1929. Dantata ya karɓa. Zuwa shekarar 1922 ya wuce sauran attajiran Kano dukiya.

Yadda cinikin yake tafiya

Ga yadda aikin yake. Kafin kaka, kamfani yana ba Dantata kuɗi masu yawa a matsayin kafin alƙalami. Shi kuma yana raba kuɗin ga yaransa. Kowane yaro yana da yankin da aka ba shi. Yaran suna shiga kasuwannin ƙauye da ma'auni da buhunan wofi. Wasunsu suna sake raba kuɗin ga ƙananan masu saye da ke zaune cikin ƙauyukan. Wani lokaci ana ba manomi kuɗi, ko yadi, ko gishiri tun da damina, a kan zai biya da gujiya idan ya cire.

Idan aka tara gujiya, sai a ɗora wa jakuna da raƙuma, daga baya kuma motoci, a kai Kano. A auna, a miƙa wa kamfani. Abin da ke tsakanin kuɗin da aka ba manomi da kuɗin da kamfani ya biya, bayan an cire ɗawainiya, shi ne rabon Dantata da yaransa. A kan buhu ɗaya ba wani abu ba ne. Amma a kan buhu dubbai ya zama dukiya.

Duk wannan gini yana tsaye ne a kan amana. Ba a cika rubuta takarda ba. Uban gida yana ba yaronsa jari saboda ya san shi, ya san gidansu. Yaron da ya riƙe amana ana ƙara masa jari, har wata rana ya zama uban gidan kansa. Wanda ya ci amana kuwa ba mai sake ba shi ko sisi. Kamfani ma ya ba Dantata kuɗi ne saboda an shaide shi da cika alkawari. Wannan shi ne abu na uku: amana jari ce.

Dalar gujiya da raƙuma 20

Gujiya ta yi yawa a Kano har jirgin ƙasa ya kasa kwashe ta a kan lokaci. Sai aka riƙa jera buhuna, wani kan wani, ƙasa da faɗi, sama da tsini, kamar dutse. Wannan shi ake kira dala. Babbar dala tana ɗaukar buhu kamar 15,000. Mutane da yawa suna danganta wannan dabara ga Dantata. Dalolin sun zama alamar birnin Kano har shekaru masu yawa.

A shekarar 1929 bankin Turawa mai suna Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano. Labarin da ya shahara shi ne, Dantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa da aka ɗora wa raƙuma 20. Wannan ya nuna yawan tsabar da ke hannunsa. Tsaba ita ce ƙarfin mai sayen amfanin gona. Mai tsaba ba ya gaggawar sayarwa. Yana iya saye ranar da kowa ke neman kuɗi, ya jira ranar da kowa ke neman kaya. Wannan shi ne abu na huɗu, kuma shi ne mafi girma: ikon jira.

Sana'ar tana da haɗari

Kada a ɗauka kullum riba ake ci. Farashin gujiya ba a Kano ake yanke shi ba. Ana yanke shi ne a manyan kasuwannin Turai. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya farashi ya hau ƙwarai, sai ya faɗi warwas a 1920 da 1921. Daga 1929 kuma tattalin arzikin duniya ya karye, gujiya ta yi arha har shekaru. Wanda ya saya da tsada da kuɗin bashi, ya wayi gari kayansa ba su kai abin da ake binsa ba. Ƴan kasuwa da dama sun karye a irin waɗannan shekaru.

Dantata bai karye ba. Bai zuba dukiyarsa duka a wuri ɗaya ba. Yana cikin gujiya, yana cikin goro, yana cikin shanu, da yadi, da hatsi, da gidaje da filaye. Idan wani fanni ya yi asara, wani yana rufe masa. Kuma bai saba da almubazzaranci ba. An san shi da sauƙin rayuwa da tsare lissafi.

A shekarar 1949 gwamnatin mulkin mallaka a Najeriya ta kafa hukumar cinikin gujiya. Hukumar ce ke yanke farashi tun farkon kaka, ita kaɗai ke fitar da gujiya waje. Ba mai saya mata sai wanda ta ba lasin. Dantata ya sami wannan lasin, ya riƙa saye da sunan kansa, kafaɗa da kafaɗa da kamfanonin Turawa.

Ƙarshen rayuwarsa

Alhaji Alhasan Dantata ya rasu a Kano ranar 17 ga watan Agusta, 1955. An rufe shi a gidansa da ke unguwar Sarari. Kafin rasuwarsa ya yi wa ƴaƴansa wasiyya su haɗa kai, kada su bar kamfanin gidan ya wargaje. Sunan kamfanin Alhassan Dantata and Sons. Ɗansa Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya zama babban mai sayen gujiya. Ɗansa Aminu ya faɗaɗa harkar zuwa gine-gine da wasu fannoni. Ya rasu a watan Yuni na 2025, aka rufe shi a Madina. Aliko Dangote, wanda aka haifa a Kano a 1957, tattaɓa kunnen Alhasan ne ta wajen uwa. Shi ma ya fara ne da saye da sayar da siminti, da shinkafa, da sukari.

Gujiya a ƙasar Maraɗi

Abin da ya faru a Kano ya faru a Maraɗi. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA sun buɗe kantuna a garin. Su ma sun ba ƴan kasuwar gari kuɗi don su saya masu gujiya a ƙauyuka. Yawancin gujiyar tana bi ta Katsina zuwa Kano, a ɗora ta a jirgin ƙasa zuwa Ikko. Daga shekarun 1950 aka riƙa fitar da wani kashi ta Paraku da Kwatano. An kuma kafa injin matsar mai na Siconiger a Maraɗi tun shekarun 1940. Da yawa daga cikin attajiran da ake kira Alhazan Maraɗi a cinikin gujiya suka fara tara jari.

Bayan samun ƴancin kai, a shekarar 1962 gwamnatin Nijar ta kafa SONARA don cinikin gujiya, da UNCC don ƙungiyoyin manoma da ba da rance. A 1970 aka kafa OPVN don cimaka. Amma gujiya ba ta daɗe tana tashe ba. Farin 1973 ya buge ta. A 1975 kuma wata cuta da ƙwari ke yaɗawa, mai sa ganye ya tsumbure, ta lalata gonaki a Nijar da arewacin Najeriya. Manoma da yawa suka koma ga wake, a wasu wurare kuma aya. Dalolin Kano suka ɓace. Manyan ƴan kasuwa suka juya zuwa hatsi, da wake, da kayan da ake shigowa da su daga waje. Kaya sun canja, amma dabarar ba ta canja ba.

Irin su Dantata a ƙasashen Turawa

A Amurka da Turai ma akwai masu neman arziki daga hawa da saukar farashin amfanin ƙasa. Sai dai aikinsu ya ɗan bambanta. A birnin Shikago na Amurka akwai kasuwar hatsi da aka kafa a 1848. A irin wannan kasuwa ba lalle a ga buhu ko ɗaya ba. Takardar alkawari ake saye da sayarwa. Mutum yana alkawari yau cewa zai karɓi alkama ko masara bayan wata 6, a kan farashin da aka yanke yau. Idan farashi ya hau kafin ranar, takardarsa ta ƙara daraja, sai ya sayar da ita ya ci riba. Idan farashi ya faɗi, ya yi asara. Abin ya yi kama da sayen hatsi tun yana gona.

Akwai kuma masu tara kuɗin attajirai wuri ɗaya su riƙa juyawa. Sunan da Turawa ke kiran wannan tari yana nufin asusu mai shinge. Wani mutum mai suna Alfred Jones ne ya fara shi a birnin New York a 1949. Dabararsa ita ce ya sa wasu kuɗi a kan abin da yake ganin zai hau, wasu kuma a kan abin da yake ganin zai faɗi. Ta haka ko kasuwa ta juya, ba zai rasa duka ba. Wannan shi ne shingen. Mai riƙon asusun yakan ɗauki kashi 20 cikin 100 na ribar da aka samu. Yadda kamfani ya ba Dantata kuɗi ya juya, haka attajirai ke ba waɗannan mutane.

Ɗaya daga cikinsu ya shahara a harkar koko, wanda ake yin cakulan da shi. Yawancin kokon duniya daga Kodibuwa da Gana yake fitowa. Sunan mutumin Anthony Ward, ɗan Ingila, mai kamfanin Armajaro. A watan Yuli na 2010 ya karɓi koko kusan tan 240,000 a kasuwar London a tashi ɗaya. Wannan ya kai wajen kashi 7 cikin 100 na kokon da duniya ke nomawa a shekara. A lokacin farashi ya hau inda ya yi fiye da shekara 30 bai kai ba. Masu yin cakulan suka yi ta kuka. Amma daga baya farashi ya sauko. A 2013 aka sayar da reshen kamfanin mai cinikin kaya, a 2017 kuma ya rufe babban asusunsa. Ashe ko mai kuɗi kamar ƙasa ba ya iya riƙe kasuwa har abada.

Ajiya daban, ɓoyo daban

Shin mai sayen amfanin gona aboki ne ko maƙiyi? Yana da amfani. Shi ne ke kawo tsaba ƙauye ranar da manomi ke bukata. Shi ne ke ɗaukar kaya daga inda suka yi yawa zuwa inda babu. Shi ne ke ajiye hatsin kaka har ya kai damina. Yana biyan mota, da mangaza, da buhu, yana ɗaukar asarar ƙwari da ruwa. Ladan wannan aiki halal ne.

Amma akwai inda abin ke zama zalunci. Na farko, idan aka yi ha'inci a awo. Na biyu, idan aka ba manomi bashi da damina a kan sharaɗin da zai cinye masa rabin gona. Na uku, idan aka kulle abinci lokacin yunwa don farashi ya ƙara hawa. Malamai sun yi hani da wannan ɓoyo. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da 2005 ba. Bayan ƙarancin ruwa da farar ɗango na 2004, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba. Akwai abinci a kasuwa, amma talaka ba shi da abin saye. Yara da yawa sun yi tamowa. Gidajen da suka sayar da hatsinsu da arha a kaka su ne suka fi shan wuya.

Abin da manomi zai iya yi

Makaman Dantata guda huɗu ne: sanin farashin wurare, kai kaya da sauƙi, amana, da ikon jira. Manomi ɗaya ba shi da su duka. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manoma 30 ko 50 da suka haɗa kai suna iya samunsu.

Sanin farashi ya yi sauƙi a yau. Akwai rediyo, akwai wayar salula. Kafin a sayar, ana iya tambayar farashin Maraɗi, da na Jibiya, da na kasuwar Dawanau a Kano. Wanda ya iya karanta lambar ma'auni, ya iya lissafi, da wuya a cuce shi.

Kai kaya yana sauƙi idan an tara. Hayar mota ɗaya ga mutum 20 ta fi arha a kan kowa ya ɗauki nasa. Mai saye ma ya fi girmama masu buhu 200 a kan mai tiya 10.

Ikon jira yana samuwa ta hanyar jinginar da amfanin gona, wadda ake kira warantaj. An fara yaɗa ta a Nijar a ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar FAO. Ƙungiya tana zuba kayanta a mangaza da kaka. Ana sa kwaɗo biyu. Mabuɗi ɗaya yana hannun ƙungiya, ɗaya yana hannun asusun ba da rance. Asusun yana ba manoma rance gwargwadon darajar kayan. Da kuɗin suna biyan bukata, ko su yi kiwon turka, ko noman rani. Bayan wata 5 ko 6 sai a biya rancen, a buɗe mangaza.

Ga misali don lissafi kawai. Manomi yana da wake buhu 10. A kaka buhu jika 20 ne. Idan ya sayar nan take zai sami jika 200. Idan ya jinginar, a ce an ba shi rancen jika 160. Bayan wata 6 buhu ya kai jika 28, sai ya sayar a kan jika 280. Ya biya rancen 160, da ladan asusu 20, da kuɗin mangaza da buhuna 10. Duka 190 ke nan. Ya rage masa 90. A haɗa da 160 na farko, ya sami jika 250. Ya ƙaru da jika 50.

To, idan farashi bai hau ba fa? Idan buhu ya tsaya a jika 20, zai sayar a kan 200, ya biya 190, ya rage masa 10. A haɗa da 160, ya sami jika 170. Ya yi asarar jika 30. Irin wannan shekara tana zuwa. Takan zo idan damina ta yi albarka ko'ina, ko naira ta faɗi, ko an rufe iyaka, kamar yadda Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Saboda haka kada a jinginar da kome duka, kada kuma a dogara ga iri ɗaya. Haka Dantata ya yi.

Ajiya kuma tana son kulawa. Wake da ƙwari suka huda ba shi da daraja. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, idan an shanya waken sosai kuma an ɗaure bakin da kyau. Masu bincike na INRAN a Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi.

Amana kuwa ita ce tushen duka. Ƙungiyar da aka ci kuɗinta sau ɗaya ba ta sake tashi da sauƙi. A zaɓi mutanen kirki su riƙe mabuɗi. A rubuta sunan kowa da yawan buhunansa cikin littafi. A karanta lissafi a gaban taro, kowa ya ji.

Kafin kome, mai gida ya ware cimakar iyalinsa ta shekara, da irin shuka, ya rufe rumbu. Abin da ya ragu shi ne na kasuwa. Idan bukata ta matsa, ya sayar da kaɗan, ya riƙe saura. Alhasan Dantata ya fara ne da asusu, maraya, ba shi da gona mai yawa, ba shi da sarauta. Abin da ya fi sauran mutane shi ne ya san farashi, ya riƙe amana, kuma ya iya jira. Mai haƙuri yakan dafa dutse, har ya sha romonsa.